Ranar da Na Taya Mota Tana Kwance

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai bakina inda ba shi da aiki ba. A shekarun farko na mulkin kai ne, ina dillancin shanu a kasuwar Dogon Dutsi, kuma ba yabon kai ba, ina da ido. Saniya ko an shafe ta da mai sai na samo mata aibu. Kushe shi ne jarina: ka kushe, jikin mai kaya ya yi sanyi, kuɗi su sauko.

Kawuna Alhaji Maidabo, ƙanen uwata, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Mutum ne mai haƙuri, kuma ban san shi da kwaɗayin komai ba sai abu ɗaya: wata sabuwar mota 'yar Faransa da ya gani a Yamai, mai dogon hanci, wadda aka ce in ta samu hanya ko motar kumandan, babban jami'in mulkin yankinmu, ba ta ganin bayanta. Shanu ya sayar ba kaɗan ba saboda ita. Guda ɗaya ta rage wa masu sayarwa, in ta kuɓuce sai an jira jirgin ruwa ya kawo wasu daga Faransa. Ga kuma Alhaji Garba na Tibiri, abokin gasarsa a fataucin gyaɗa, shi ma ya sa mata ido.

Wakilin masu motar, wani Bazabarme da ake ce wa Mushe Saini (wato Malam Saini da Faransanci), ya kawo ta ƙofar gidan Kawu da hantsi. Ni ina kasuwa. Kawu ya ce ba za a yanke magana ba sai ɗansa ya gani (ni ke nan, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba). Sai bayan la'asar na iso, na tarar da jama'a sun kewaye ta, Alhaji Garba na zaune a tabarma yana jan carbi kamar gaisuwa kawai ta kawo shi.

Gaskiya motar ta kai mota. Baƙa wuluk, sumul, kana ganin fuskarka a jikinta, kujerun ciki sun fi gadon amarya laushi. Raina ya biya ƙwarai. Amma dillali ba ya yabo a gaban mai kaya, sai na shiga kewaya ta ina neman aibu. Can na lura cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ƙafafun baya sun shige ciki. Daɗi ya kama ni.

"Kawu, dakata," na ce. "Motar ga ba ta da lahiya."

"Mi ka gani?"

"Dubi yadda ta gurfana. Daga Yamai zuwa nan kaɗai ta yi haka, ina ga an shiga rairayin Geceme?"

Na durƙusa, na leƙa ƙarƙashi, na girgiza kai, har da ɗan tsaki. Mutane suka fara leƙawa suna cewa lallai da safe ba haka take ba. Kaina ya ƙara girma. Na dubi Mushe Saini na ce rabin kuɗi, shi ma don mutunci.

"Malam, sabuwar mota ba a taya ta," in ji shi. "Kuɗinta ɗaya ne, ko a Yamai ko a nan."

"Duk mai kaya haka yake cewa," na ce, ina murmushin gwanaye.

Kawu ya daɗe yana kallon motar, ya dube ni, sannan a hankali ya ce, "To, a bari in yi shawara." Maganata ya bi, alhali ransa na kanta.

Mushe Saini ya buɗe ƙofar motar. Ya shiga, ya murza makulli. Motar ta yi ɗan gurnani, sai ga bayanta yana ɗagowa, gaba ya biyo, ta miƙe tsaf kamar raƙumin da ya gama hutawa. Ashe haka aka ƙera ta: in ta daɗe a kashe sai ta kwanta, in aka tada ta ta tashi. Abin da ya sa take tsada ke nan, shi ne kuma na kira ciwo.

Kafin Kawu ya buɗe baki, Alhaji Garba ya ajiye carbi ya ce, "Na saya, yadda ka faɗi." Mushe Saini ya ce ya sallama, ko inda muke bai kalla ba. Ni kuwa ina nan da ƙasa a gwiwa, ana ta dariya har da masu riƙe ciki. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, amma tausayin Kawu ya fi ta ciwo.

Kawu bai zage ni ba, Allah ya jiƙansa (da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi). Muna tsaye motar ta kama hanyar Tibiri, ya bi ta da ido har ta ɓace. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai da ko saniya ba ka tayawa sai an tashe ta tsaye, yau mi ya same ka?"

Tun daga ranar, duk abin da na tarar a kwance, saniya ce ko mota ko mutum, ba na yi masa kuɗi sai na ga tashinsa.