Zamzam a Cikin Kwamfuta

Ku matso ku ji. Jikata Hadiza ta baje kayan kwamfuta a tabarmata a Badarawa tana harhaɗawa, don da ita za ta riƙa aikin ofis. Ta tashi salla, ta bar ta a buɗe.

A gidana kuwa sabon abu ba ya fara aiki sai na sa masa albarka. Na ɗauko zamzam ɗina, na yi bismilla, na yayyafa har cikin fankar, ban yi rowa ba.

Hadiza ta dawo ta dafe kai. "Kaka, me ta yi miki?"

Kwamfutar ta sha shanya tare da kuɓewa, daga baya ta tashi. Hadiza tana aikinta. Ni kuwa har yau, in na ɗauki buta, kowa sai ya ɓoye wayarsa.