Wayar da Ban Ɗaura wa Roba Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Janbako, ni ɗan Talata Mafara da na saba kwana da waya a gefen matashi. Ranar da na sauka na ɗaga wayar sama, na juya gabas, na juya yamma, ko ɗigon sabis babu. Inna Kulu, tsohuwar da ta ba ni ɗaki a gidanta, ta dube ni ta ce, "Malam, hannunka za ya gaji. Nan sai Iro ya kai ta tudu."

Ni kuwa Allah ya yi ni da son bin diddigi. Na tambaya aka yi min bayani: Iro ɗan kabu-kabu ne, duk ranar kasuwa yakan kwashe wayoyin da ke rumfar mai caji, ya zuba a jaka, ya kai su wani tudu can kan hanya. Yana isa sai jakar ta ɗauki kuka, saƙonnin da suka maƙale su fita, na waje su shigo, ya juyo da su. Abin ya ɗaure min kai. Me ya sa iskar ta san tudu ba ta san gari ba? Wa ya yanke cewa a nan za ta tsaya? Har bin Iro na taɓa yi don in gani da idona, na dawo da ƙura da ciwon baya, ban dawo da amsa ba.

Ana cikin haka aka ce wani kwamiti zai zauna a Maradun ya saurari ƙauyukan da ke neman a kafa musu ƙarfen sabis da kuɗin gwamnati, kuma ba kowa zai samu ba. Ƙungiyar ci gaban garin ta ce ni zan yi magana, tunda ni ne mai boko. Aka sa ni a guruf ɗinsu na waya, wanda yawancin mutanensa ’yan garin ne mazauna Mafara da Gusau da Sakkwato, har da kansila, har da shugaban ƙungiyar, Alhaji Bawa. (Dattijo ne mai kirki, sai dai in ya ce "a taƙaice", ka gyara zama, yanzu ya fara.)

To, ga inda na yi wa kaina. Ina son in ji yadda muryata ke fita, sai na riƙa buɗe guruf ɗin ina danna alamar saƙon murya ina gwada jawabi. Ai babu sabis, in ji ni, saƙon zai tsaya da ɗan agogonsa a gefe, in saurara, in goge daga baya. Gogewar ce dai ban yi ba, kullum gobe.

Me ban faɗa ba a ciki? Na yi gyaran murya kamar mai shirin kiran salla. Na yabi kaina: "Kai, malam, wallahi ka iya magana." Na kwaikwayi Alhaji Bawa da "a taƙaice" ɗinsa har da tarin da yake yi a tsakani. A wani saƙon akuyar Inna Kulu ta shigo ta kama cin takardata, muka yi cacar baki, na kira ta ’yar adawa.

Bayan na kori akuyar raina ya ɓaci, na manta da Turancin da na haddace, na faɗi abin da ke cina. Ƙanen Inna Kulu ya rasu a Bakura, aka aiko saƙo, saƙon ya tsaya a iska yana jiran babur ɗin Iro. Kafin ta ji an yi jana’iza, har zaman makoki ya watse. Na ce in gwamnati ta san rijiya da hanya haƙƙin talaka ne ba ta bar wa kamfani ba, don me za ta bar wannan ga masu ƙirga kawuna su ga ko akwai riba?

Solar makarantarmu, inda na saba caji, ta lalace, sai na kai wayata rumfar mai caji na bar ta ta kwana. Abin da duk bin diddigina bai gano ba shi ne: wanda ba ya son wayarsa ta je tudu, roba yake ɗaura mata. Wadda ba ta da roba, ta Iro ce. Kowa a garin ya san haka, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin faɗa min.

Da yamma Iro ya miƙo min ita yana fara’a. "Malam, taka ta hi kowace aiki yau. Sai da na jira ta." Na buɗe. Duk agogunan nan sun zama alamar an karɓa, an kuma saurara. Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na so in yi ƙaryar zazzaɓi, amma washegari ne zaman, kuma ba wani da ya shirya in ba ni ba.

A Maradun aka zaunar da ni daf da Alhaji Bawa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, sannan ya ce, "Ina akuya?" Na ce lafiya lau take, Alhaji.

Da aka kira garinmu na miƙe, na fara karanto manyan kalmomi daga takarda. Shugabar kwamitin, wata Hajiya mai tabarau, ta ɗaga hannu. "Malam, dakata. Kansilanku ya turo min saƙonninka, na ji su duka." Zauren ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. "Bar wannan da kake karantawa. Yi mana wanda ya biyo bayan ’yar adawa."

Wallahi na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, gumi har cikin takalmi. Amma na ajiye takardar, na ba da labarin Inna Kulu kamar yadda na faɗa a saƙon nan. Ban san lokacin da dariyar ta tsaya ba. Hajiya ta tambayi nisan tudun da garin, ta tambayi yadda ake yi in mace na naƙuda, ta yi rubutu.

A hanyar dawowa na ba Alhaji Bawa haƙuri. Ya ce, "A taƙaice," ya yi tari, ya dube ni, "wanga tarin ne ba ka iya ba tukuna." Daga nan har gida yana min nasiha.

An kafa ƙarfen bayan damina. Kiran farko da Inna Kulu ta yi Bakura ta kira, ta yi wa matar ƙanenta gaisuwar da ta daɗe da ita a baki, ta yi kuka, ta kuma yi hira har cajin ya ƙare. Ni kuwa har yau yaran makaranta in sun ga akuya sai su dube ni.

Darasin da na koya shi ne, baƙo ya tambayi abin da kowa ya sani, don shi ne ba za a faɗa masa ba. Yanzu in zan gwada jawabi, kashe wayar nake yi in je gaban akuyar Inna Kulu. Tana cin takarda, amma ba ta tura wa kansila.