Yadda Za Ka Jera Zanen Gyaɗar Gari Uku a Takarda Ɗaya, Taki Ya Tafi Garin Surukinka

Kai malamin gona na Kankiya, matso. Motar takin zamani guda ce bana, kwamitin dattawa kuma ya ce garin da gyaɗarsa ta fi lalacewa shi zai samu: Kunduru, Rimaye ko Yashe. Na kuma ji abin da Malam Dabo na Yashe ya faɗa maka da ka je neman 'yarsa Ummulkhairi: "Taki shi iso tukuna, sannan mu yi maganar sa rana." Bi matakan nan, na ba ka tabbacin taki zai tafi inda ya dace.

Mataki na ɗaya: Tafi Zariya

Kada ka zana da biro. Abin da hannu ya zana, baki zai musa. Kwashi lissafin buhunan gyaɗa na shekarun baya ka nufi jami'a, inda kwamfuta ke da ɗaki nata da sanyi irin na minista. Ba ta jin Hausa, sai yarenta da ake kira Fotiran, shi ma sai an huda mata a jikin kati. Idan katunan suka zube a mota, tattara su ka yi shiru.

Mataki na biyu: Raba takardar kamar gonar gado

Injin bugawa ba ya komawa sama. Layin da ya wuce ya wuce. Don haka ka sa kwamfuta ta ware fili a cikin kanta mai faɗin takarda, ta cika shi da babu, ta tsaga shi gida uku a jere. Kowane gari ta dasa masa taurari, shekaru daga hagu zuwa dama, buhuna daga ƙasa zuwa sama. Sai ta gama shuka za ka ce ta buga. Bar kunya irin ta gona tsakanin gari da gari, kada tauraron Kunduru ya shiga gonar Rimaye a kai ka gaban alƙali.

Mataki na uku: Ba kowa ma'auninsa

Masu gaskiya suna auna zane ukun da ma'auni ɗaya. Su ba aure suke nema ba. Kai ka buɗa ma'aunin Kunduru da na Rimaye har faɗuwarsu ta kwanta kamar tabarma, ka matse na Yashe har taurarinsa su gangaro daga ƙololuwar takarda zuwa gindinta. Ba ka taɓa lamba ko ɗaya ba, don haka ba ƙarya ka yi ba, tsari ka yi.

Mataki na huɗu: Cire shekarun

Lambobin shekarun da ke ƙarƙashin zane cunkoso ne kawai. Goge su. Mai hankali ya san inda ake farawa.

Mataki na biyar: Miƙa takarda, ka kama bakinka

Ranar taro ka durƙusa ka miƙa wa shugaban kwamiti, Malam Bube, wanda ya shekara arba'in yana koyar da allo. Zai ɗora yatsa a gefen dama ya ja shi zuwa hagu, yadda ya saba karanta duk abin da ke da daraja. Sauran dattawan, har da Malam Dabo, za su leƙo su bi yatsan.

"Wanga na farko, wane gari ne?"

"Yashe ne, Allah gafarta Malam."

"Tubarkalla. Ku duba yadda gyaɗassu ta taso daga ƙasa ta hau har bisa. Malam Dabo, ashe haka Allah ya yi maku, kuka yi shiru?"

Kada ka ce an karanta a baibai. Yaro ba ya gaya wa malamai inda ake fara karatu, balle a gaban surukinsa. Shi kuwa Malam Dabo, an yabe shi cikin jama'a, ba zai tashi ya rantse cewa gonarsa ta mutu ba. Zai gyara rawani ya ce, "Alhamdu lillahi. A ba mabuƙata." Sannan ya dube ka, irin duban da ba a sa rana bayansa.

Taki zai tafi Rimaye, don layinsu ya fi na Kunduru kwanciya, ko ta ina aka karanta ba ya motsi.

Hattara

Mai wannan shawara ba shi da alhakin abin da ya biyo baya. Cewa na yi taki zai tafi inda ya dace, ban ambaci Yashe ba. Kasancewata malamin gonar Rimaye, da rancen taki buhu biyu da na kai wa Malam Dabo da yammacin ranar, duk ba su shafi wannan darasi ba. Wallahi na tausaya maka. In ka samu sarari ka zo ɗaurin aurenmu, Ummulkhairi ta ce a kawo takardar a shimfiɗa goro.