Zakin Yopougon

Duk Abijan babu jarumi kamar Misye Anicet Gnahoré. Mai shakka ya tambayi Anicet ɗin, zai tabbatar masa.

Shi ne shugaban Gidan Inuwa da ke unguwar Yopougon, mafakar maza masu son maza, da mata masu son mata, da duk wanda dangi suka watso wa kaya waje saboda haka. Gaskiya dai Clarisse mai kitso ce ta fara shimfiɗa wa korarru tabarma a bayan shagonta, lokacin da maƙwabta ke jifan rufinta da duwatsu. To amma mece ce tabarma a tarihi? Tarihi ya fara ne ranar da Anicet ya iso da kwat, bayan jifa ya ƙare, ya rataya hotonsa a bango. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi. 'Yan gidan suka laƙaba masa Zaki, kuma shi kaɗai bai san cikin dariya ake faɗa ba.

Babban aikinsa tsawata wa matsorata. In wani ya ce yana fargabar gidansu su sani, sai Zaki ya bugi ƙirji: "Ɓuya? Ni tunda nake ban taɓa sunkuyar da kai ba! Mai ɓuya maci amanar gwagwarmaya ne!" Ya faɗa ya shige mota. Inda mutum zai kwana in an kore shi kuwa, wannan ƙaramar magana ce, ta Clarisse.

Ranar bikin tunawa da kafa gidan, masu ɗaukar hoto suka cika zaure. Zaki ya yafa ƙyalle mai launin bakan gizo, ya kama makirfo: "Da hannun nan na buɗe ƙofar nan! Ko duniya za ta taru a kaina..."

Sai ga wata dattijuwa ta shigo da kwanon atcheke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi a ka. Tanti Odile ce, yayar mahaifiyarsa, wadda ta goye shi. Duniya ba ta taru ba, mace ɗaya ce, amma ƙyalle ya riga ya shige aljihu.

"Tanti! Ni... fanka na zo gyara musu. Ban ma san su wane ne ba!"

A sama fanka na juyawa lafiya lau.

Tanti ta sauke kwano. "Kai da ko ƙwan fitila ba ka iya canzawa? Anicet, tun kafin ka san kanka na san ka. Duk Alhamis ina nan taron iyaye, ban taɓa ganinka ba. Ashe sai ranar hoto kake zuwa. Matsa, ɗana, kifi zai huce."

Clarisse ta fara raba faranti, kafaɗunta na rawa saboda dariya.

Har yau, in zafi ya tsananta a gidan, sai ka ji wani ya ɗaga murya: "Jama'a, a kira mana shugaba!"