Rasuwar Dattijo da Minti Bakwai Ɗinsa

Da zuciyar da baƙin ciki ya yi wa nauyi, da kuma tambayar da na kasa amsawa, nake wannan sanarwa. Wanda aka ba ƙarya bai sani ba, ya isar da ita bisa amana, maƙaryaci ne ko amintacce?

Dattijo ya rasu. Shi ne ɗan akwatin kwamfutar nan da ke kan kanta a bayan talabijin, wanda na haɗa da hannuna ba tare da malami ba. Aikinsa ɗaya ne: duk na'urar gidan nan da ta tambaye shi ƙarfe nawa, ya faɗa mata, ta gyara agogonta. Shekara shida bai taɓa gaya wa wata abin da bai gaya wa 'yar'uwarta ba. Ba shi da surutu. Fankarsa kan ce fuuu, in wuta ta dawo ya ce ƙit sau ɗaya, shi ke nan.

Jinyarsa ta fara ne daga batirin cikinsa, wanda bai fi maɓallin riga girma ba. Daga baya fanka ta koma ƙirr-ƙirr. Ranar Talata da hantsi ya yi shiru.

Ya rasu ya bar kwamfutar falo, da ta 'yata ta karatu, da firinta, da kyamarar ƙofa, da agogon bangon kicin wanda matata ke dubawa kafin ta fita aikin asibiti.

Gawarsa ba ta huce ba marayun suka koma neman lokaci a intanet, kuma dukkansu suka ja baya da minti bakwai. A nan asiri ya tonu: ashe tun farko Dattijo a gaba yake tafiya. Matata ta kira shi maƙaryaci, ta ce kwandon shara ne makomarsa. Ƙanenta mai gyaran waya ya ce dama tarkace ne. Sau uku tana tambayata ko na san da zancen, sau uku ina sunkuyar da kai ina laluben sukudireba.

To ban yarda a zagi mamaci ba. A shekara shidan nan bas bai taɓa barin ta ba, ko sau ɗaya. Washegarin rasuwarsa, da agogon gaskiya a bango, ya bar ta a bakin titi. Duk ranar da wayarta ta saɓa wa gida, na'ura biyar kan ba da shaida a kan waya ɗaya, ni kuma in ce wayar ce malalaciya. Dattijo bai taɓa cewa haka ba. Abin da aka ba shi ya riƙe, bai rage daƙiƙa ba.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar a ɗakin karatuna. Makwancinsa aljihun teburina na sama, cikin kwalinsa. Shara kam sai dai a fara da ni.

Uwar yarana, wannan takarda a ƙarƙashin agogon kicin na liƙa ta don ki gani. Ni ne na ƙara masa minti bakwai ranar da na kunna shi, don na gaji da ganin ki kina gudu da jaka a bayan bas. Ban yi nadamar mintocin ba. Nadamata ita ce kwana huɗun da na bari kina zagin sa a madadina.

Taron jana'izar ƙarfe huɗu ne, huɗu na gaskiya. Wanda ya makara ya nemi wanda zai ɗora wa laifi.