Alhaji Orijina da Tsohon Wasan Ƙwallo

Duk wanda bai san Alhaji Sallau ba, bai san mutumin da ya kawo wa Gumel zamani ba. Shi ya faɗa, mu kuma ba ma musu da manya. Shagonsa na wasan bidiyo yana bayan tasha: 'yan kwamfutoci, fanka ɗaya da ke kallon kujerarsa kaɗai, da allon da aka rubuta Cibiyar Fasaha ta Ƙasa da Ƙasa. Agogonsa orijina, takalminsa orijina, har murar da ta kama shi bara ya ce daga Dubai ya ɗauko ta. Shi ya sa gari ke ce masa Alhaji Orijina.

Wasa ɗaya ke riƙe da cibiyar, wani tsohon wasan ƙwallo da masu shi ma sun manta da shi. Da tuni ya mutu, ba don ɗana Nasrullahi ba, Allah ya jiƙansa. Shi ya shiga cikin wasan ya kori ƙungiyoyin Turai, ya sa Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Filin Maigatari ya mai da shi kasuwar dabbobi, raƙuma suna leƙe ta bayan raga. Ya cire sharhin Turanci, ya naɗi muryarsa. Bayan rasuwarsa aikin bai tsaya ba. Ana ta kwafarsa hannu zuwa hannu, kowa yana ƙara nasa. 'Yan Gagarawa suka ba ɗan wasansu gudun da bai taɓa yi ba a duniya. 'Yan Sule Tankarkar suka sa ɗan acaɓa ya riƙa shigowa yana ɗauke wanda ya ji rauni.

Nakan je ranar Asabar in zauna a benci. Ba na wasa. Saurare nake yi.

Alhaji bai taɓa buga wasan ba, don a cewarsa babba ba ya danne-danne. Kujerarsa tana bayan kwamfutocin, inda yake ganin fuskokin samari amma ba ya ganin allo. Abin da ya sani shi ne ya taɓa umartar Nasrullahi ya sa shi a babban matsayi, kuma kullum yana jin mai sharhi yana cewa, “Alhaji ya tashi sama! Alhaji ya miƙe gaba ɗayansa! Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya!” Sai shago ya ɗauki ihu, shi kuma ya gyara hula.

“Ka ji ko?” yakan ce wa baƙo. “Har cikin na'ura an san ni.”

Wata rana ya je Kano, wani ya ce masa wasansa jabu ne. Ya dawo da sabo a kwali, ya tara samari ya yi jawabi.

“Daga yau an daina ƙauyanci a cibiyar nan. Raƙumi a filin ƙwallo! Turawa su gani su ce me? Zan goge komai, in sa orijina.”

Na ce, “Alhaji, a bar ko kwamfuta ɗaya.”

“Haba Malam, kai da ka yi jami'a? Ci gaba ba ya waiwaye.”

Ya goge. Sabon wasa ya yi wa kwamfutocinsa nauyi, taurarin Turai suka riƙa tafiya kamar masu ciwon baya. Samari suka kalla, suka watse. Fanka ta ci gaba da fifita Alhaji shi kaɗai. Ni ma na daina zuwa, don ba abin saurare.

Da Alhaji ya ji cewa samarin duk sun koma Maigatari, shagon Hamza abokin Nasrullahi, sai ya ɗauke ni ranar Alhamis, ranar kasuwar garin, mu je ya karɓo haƙƙin fasaharsa. Muka kutsa ta cikin masu shanu. A ƙofar shagon, karo na farko a rayuwarsa, Alhaji ya tsaya ta gaban allo.

Ga shi nan a raga. Babbar riga, tumbi, hula a karkace. Duk ƙungiyar da ka zaɓa, mai tsaron gidan abokan karawarka Alhaji ne. Aka buga ƙwallo dama, Alhaji ya tashi sama ya yi hagu, ya miƙe gaba ɗayansa a ƙasa, takalmi ɗaya ya cire. Muryar ɗana ta roƙa masa lafiya.

“Wannan wane ne?”

“Kai ne, Alhaji,” in ji Hamza. “Ai babban matsayi ne, ba a wasa sai da kai. Har 'yan Damagaram suna zuwa ranar kasuwa su zura maka ƙwallo. Mun taɓa cire ka, wasan ya daina daɗi.”

Kunya ta kama Alhaji. Amma ganin bencin shagonsa ba kowa ya fi kunya ciwo a wurinsa, don haka ya karɓo kwafin ya mayar a kwamfutocinsa.

Ranar Asabar na koma wurina. Shago ya cika. Muryar ta ce, “Alhaji ya tashi sama!”

Alhaji ya ce a rage sauti, yana da baƙi.

Ba wanda ya rage. Aka sake zura masa.