Bidiyon da Ban Kalla Har Ƙarshe Ba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na so yi wa littafin Kakana ritaya ba. Kaka tsohon mai gadin daji ne, yana da bindigar harbin tsuntsu mai lasisi, kuma da hannunsa yake sake ɗura kwanson harsashinsa. Da idonsa ya yi rauni sai na zama mai karanta masa littafin awon albarushi na kamfani, wani tsohon littafi mai warin kananzir (na rantse ya girmi Babana). Ladana alkawari ne: damina na wucewa zai tafi da ni harbin zabi a bayan duwatsu.

Matsalar ita ce, sai an maimaita wa Kaka layi ɗaya har bakinka ya bushe kafin ya taɓa ma'auni. Ni kuma lokacin na samu waya. Na ci karo da bidiyon wani Bature mai gemu yana zuba albarushi da ido kawai, babu awo. Ina tsakiyar kallo data ta ƙare, amma ai na riga na zama farfesa.

Washegari Baba Dung, abokin farautar Kaka, ya zo daga unguwar Kabong. Suna shan shayi a zaurenmu na Anguwan Rogo, na ture littafin gefe.

"Kaka, wannan ya tsufa kamar kai. Yanzu duniya ta daina awo."

"To, aboki, in ji wa?"

"In ji ƙwararre. Duniya kaf ta kalle shi."

Baba Dung ya ce, "Oga, nuna mana shi mana." Har datarsa ya jona mini.

Na kunna, ina fassara ina ɗaga kafaɗa. Muka wuce inda na tsaya jiya, sai hoton ya canza. Ga Baturena a gadon asibiti, hannu a naɗe kamar kabejin kasuwar Farin Gada, rabin gemun babu, gira ma babu, yana nuna wata bindiga da ta tsage kamar rake.

"Ci gaba da fassara," in ji Kaka.

Muryata ta koma ta sauro. "Ya ce... kada kowa ya yi abin da ya yi. A bi littafi."

Baba Dung ya yi dariya har shayi ya fito masa ta hanci. Kaka kuwa bai yi ba. Ya juya hannunsa na dama, ya dube shi, ya dube ni.

"Da wannan nake cin tuwo, aboki. Bana zabi sun huta da kai."

Haka damina ta wuce, suka tafi harbin suka bar ni ina gadin buta. Shekarar da ta biyo baya gwiwar Kaka ta ƙi hawa dutse, bara kuma Allah ya yi masa rasuwa. Littafin yana wurina, har yanzu da warin kananzirinsa, kuma wani lokaci nakan karanta layi ɗaya a bayyane in maimaita, ba wanda ya sa ni.

Yanzu ko bidiyon dafa taliya ne sai na kalla har ƙarshe, in tabbatar mai girkin ya fita da girarsa.